Jar Zumar Ladidi

Zumar ja ce. Ba jan nan mai duhu na tsohuwar zuma ba, ja ne mai haske irin na zoɓon da aka cika wa ruwa. Ladidi ta fito da ƙwaryar tsakar gida inda hasken safiya ya fi yawa, ta karkata ta, ta duba, ta sake karkatawa. Zumar ta gangara gefe da sauri, ko jan jiki ba ta yi ba.

"Muntari, daga wace amya ka ɗebo wannan?"

Muntari ƙanin marigayi mijinta ne, shi ke hawa ɗorawa ya sauko mata da zuma tun da yayan nasa ya rasu. Yana tsugune a bakin zaure yana tsince ƙarin da ƙudan zuma suka bar masa a damtse.

"Ta babbar ɗorawa, Yaya Ladidi, wadda marigayi ya ɗaura da hannunsa. Na leƙa ta kusa da ita, ita ma haka take."

"Ko dai ƙwaryar zoɓon matarka ka ɗauka, don na san ba ka rasa shirme."

"Ƙwaryarki ce, ke kika miƙo mini. Ni dai tun da nake hawa itace ban taɓa ganin irinta ba. Da za ki ji tawa, da kin dakata."

Ladidi ta tsoma ɗan yatsa ta kai baki. Akwai zaƙi, har ya yi yawa, amma a kan harshe ya tsaya. Bai gangara ya yi mata ƙaiƙayin nan a maƙogwaro ba, wanda da shi take gane zumar kirki. Sai wani sanyi-sanyi da ya biyo baya ya hau mata hanci. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai aka yi nishi daga ɗakin da ke kusa da rumbu, nishin babban mutum da ke ƙoƙarin kada a ji shi. Ta haɗiye maganar.

"Dakatawar lafiya?" ta ce. "Ƙudan zuma ne suka yi ta ko mutum?"

"Su ne."

"To, magana ta ƙare."

Mai nishin Alhassan ne, ɗanta na fari. Shekara biyu bayan samun mulkin kai ya ajiye fartanya ya sayi keke, ya shiga sahun samarin Hotoro da jiniyar kamfanonin Bompai ke tashi kowace safiya. A kamfanin alewa ya samu aiki, wurin manyan tukwanen da ake dafa sukari. Ranar da abin ya faru, hannun wata tukunya ne ya goce, tafasasshen sukari ya kwararo masa a hannun dama tun daga wuyan hannu har yatsu. Ƙunar sukari ba irin ta ruwan zafi ba ce da ke zuba ta wuce. Mannewa take yi, ta ci gaba da cin mutum. Malamin magani na kamfanin ya wanke, ya shafa wani shuɗin magani, ya naɗe da bandeji, ya ce lallai a kai shi asibitin cikin gari.

Kalmar asibitin nan ce ta ɓata komai. Akwai wani maƙwabcinsu da aka kai da ciwon ƙafa ya dawo da sanda a hammata, kuma tun daga ranar Ladidi ta yanke hukunci cewa can ba a san komai ba sai wuƙa. Ta warware bandejin da kanta, ta jefa shi a murhu, ta ce a gida za a yi.

Kuma gaskiya ba wanda zai ce ta yi shisshigi. Duk Hotoro, har zuwa ƙauyukan bayanta, in aka ce zuma to gidan Ladidi ake nufi. Mai tari ta haɗa masa da citta da lemun tsami. Mai jego ta dama mata da hulba. Mai kaushi ta cakuɗa da man kaɗe ta ce a shafa a kwana. Jariri bai cika haihuwa ba sai ta lakata masa a dasashi. Ƙuna kuwa, ta warkar da ta yaran da suka faɗa murhu da ta matan da man suya ya fallatsar wa, ba adadi, kuma tabon ma sai an nuna maka. Tana da doka guda da kowa ya haddace don yawan maimaici: ba ta taɓa zumar kasuwa, domin 'yan kasuwa na yi mata algus da sukari. Zumar da ta yarda da ita ita ce wadda aka sauko da ita daga amyarta, da saƙarta, tana tsaye tana kallo.

Rashin sa'ar shi ne, tandun tsohuwar zumarta ya ƙare ana saura kwanaki kaɗan abin ya faru. Wata amarya aka kawo mata gyaran jiki, ta kankare ɗan abin da ya rage ta haɗa da lalle da kurkum, aka yi ta murza wa yarinyar har fatarta ta yi sheƙi. Ladidi ta yi ta alfahari da wannan aiki. Yanzu ga ɗanta kwance, ga tandu wayam, shi ya sa ta tasa Muntari gaba ya hau itace tun lokacin ɗiba bai gama yi ba.

Ta tace zumar da tsumma mai tsabta, ta ɗauki gashin kaza, ta ɗaga labulen ɗakin. Rahamatu, matar Alhassan, tana zaune a gefen tabarma tana kore masa ƙuda da mafici. Ta miƙe da sauri ta matsa jikin bango.

"Kai, miƙo hannun," in ji Ladidi.

Ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ɗan fari ne, kuma Ladidi ta riƙe kunyar ɗan fari fiye da yadda al'adar ma ta nema. Tun da aka yaye shi aka kai shi ɗakin kakarsa, ba ta goya shi ba, ba ta yi masa wasa ba, in ya faɗi a gabanta sai ta kau da kai ta jira wata ta ɗaga shi. In za ta yi zancensa sai ta ce "yaron nan", ko da ya yi gemu ya ajiye iyali. Mutane na yaba mata a kan haka. Ba wanda ya taɓa tambayarta ko da daɗi, ita ma ba ta taɓa faɗa ba.

Ya miƙo hannun. Ta tallafe shi a tafinta na hagu, ta ji nauyinsa da zafinsa. Rabon da ta riƙe hannun nan tun yana ɗan mitsitsi, tun yana damƙe mata yatsa in yana shan nono. Ga shi yau ya fi nata girma nesa ba kusa ba, duk kanta, fatar bayan ta saɓule ta bar jan nama. Zuciyarta ta karye, fuskarta kuwa ko gezau. Ta yi bisimilla ta fara shafawa da gashin kazar a hankali.

Alhassan ya cije leɓe. Can sai ya buɗe ido ya ja numfashi ta hanci.

"Inna, wannan ƙamshin fa?"

"Ƙamshin me?"

"Kamar na san shi."

"Ka san shi mana. A gidan zuma aka haife ka."

Ya dubi ƙwaryar, ya dubi matarsa, ya ja bakinsa ya tsuke. Mutumin da uwarsa ta riƙe masa hannu yau bayan tsawon rayuwa ba zai ɓata abin da gardama ba.

Da farko kamar abin zai yi. Raɗaɗin ya lafa, ya samu barci, har ya sha kunu da hagu. Ladidi ta ƙara yawan shafin, safe da rana da yamma, har da tsakankaninsu in ta ga hali. Ta ce ƙunar sukari sai da naci. Wannan gaskiya ne, amma ba ita kaɗai ce gaskiyar ba. Ta samu dalilin shiga ɗakin ɗanta ta zauna kusa da shi ba mai cewa ta yi rashin kunya, kuma ba ta ƙi a ce jinyar ta ɗan ja ba, Allah ya yafe mata. Har labarin jar zumar ya zaga unguwa, wasu 'yan mata biyu suka zo neman ɗan kaɗan, wai an ce tana sa leɓe ya yi ja ya yi taushi. Ta kore su, ta ce ta magani ce ba ta kwalliya ba, amma a ranta ta ji daɗi.

Rahamatu ce ta fara ganin canji, don ita ke kwana da hannun. Zumar Inna ta da, in aka shafa, zama take yi a kan ciwo ta rufe shi. Wannan kuwa tsiyayewa take yi ta jiƙa tabarma, kiyashi su yi layi. Ranar da ta buɗe faifan da aka rufe ƙwaryar da shi, sai ta ga kumfa ta taru a sama, wani tsami-tsami na tashi. Gefen ciwon da ya kamata ya fara bushewa ya kumbura ya yi sulɓi. Ƙananan yatsun nan biyu na ƙarshe sun fara sauya kama.

Ta samu surukarta a bakin murhu, ta durƙusa nesa kaɗan, ta sunkuyar da kai.

"Inna, na ce ko kun duba ƙwaryar nan yau?"

"Me ya same ta?"

"Kamar tana kumfa."

"Ɗanyar zuma ce, ba ta gama nuna ba aka ɗebo. Haka take yi."

Rahamatu ta shiga wasa da bakin zanenta. Yarinya ce mai ladabi, shekararta guda a gidan ba a taɓa jin muryarta ta wuce ƙofar ɗaki ba. Amma ba ta tashi ba.

"Inna, jikinsa da zafi ƙwarai. Kuma ya ce hammatarsa ta yi kaluluwa. Na ce ko za ku yarda Baba Muntari ya kai shi su duba kawai, ba don su yi wani abu ba."

Ladidi ta ajiye muciya.

"Su duba. Kin taɓa ganin wanda suka duba suka bari? Ke nawa kike, da za ki koya mini ciwo? Wannan hannun da kike gani," ta ɗaga nata, "ya warkar da ƙunar da ta fi wannan tun ba a yi auren uwarki ba."

"Haka ne, Inna. Ku yi haƙuri."

"Tashi ki ba ni wuri."

Ta tashi. Ladidi ta ci gaba da tuƙi da ƙarfin da tuwon bai nema ba. Abin da ya fi ɓata mata rai shi ne, duk abin da yarinyar ta faɗa ta riga ta gani da idonta. Ta ga kumfar. Ta ga yatsun. Kuma ta san ɗanyar zuma ba ta yin haka da wuri, ta faɗa ne kawai don ta rufe bakin yarinya.

Da la'asar ta shiga shafi, ta tarar da shi yana rawar sanyi cikin zafin bazara, an lulluɓe shi da bargo. Da ta ɗaga hannun sai wari ya bugo ta, wari mai zaƙi-zaƙi da ta sani sarai, wanda ba ta taɓa ji daga ciwon da ita ke jinya ba. Wani jan layi ya taso daga wuyan hannun ya doshi gwiwar hannu. Duk da haka ta tsoma gashin kazar, don ba ta san wani abin yi ba.

"Inna," ya ce, idonsa a rufe, muryarsa can ƙasa. "Na tuna ƙamshin. Na wurin aikinmu ne. Jar alewa mai minti, ita muke dafawa ranar."

"Zazzaɓi ne ke sa ka surutu."

"Ita ce ta zubo mini, Inna. Ba zan manta ƙamshinta ba."

"Amyar ubanka ce. A kan idona aka sauko da ita. Me ya haɗa ta da kamfaninku?"

Barcin wahala ya ɗauke shi. Ta gama shafin, ta wuce lokacin da ta saba tana riƙe da hannun, sannan ta ajiye shi a kan tsumma ta fita.

Washegari da ta idar da sallar asuba ba ta ɗora ruwan kunu ba. Ta yafa mayafi ta nufi gona, ta tsaya a gindin babbar ɗorawa ta ɗaga kai. Ita kanta ba ta san me ta zo yi ba, illa dai tana jin in akwai wanda zai ba ta amsa to ƙudan zuman nan ne. Rana na ɓullowa suka fara fita daga bakin amyar. A sanin da ta yi musu, gabas suke yi, wajen fadama da itatuwan da ke fure, haka mijinta ya nuna mata tun tana amarya. Yau ko ɗaya bai kalli gabas ba. Suna fitowa sai su yi kwana su miƙe ta bayan gari, hanya guda, kamar masu zuwa kasuwa. A daidai lokacin jiniyar Bompai ta yi kuka daga wannan ɓangaren.

Ta bi su. Ba wai tana ganinsu duk tsawon hanyar ba, amma ba ta buƙata. Samari a kan kekuna suna wuce ta suna gaishe ta, wasu na waiwaye suna mamakin me ya fito da Inna Ladidi hanyar 'yan kamfani. Ta ratsa gonakin da aka share, ta hau jan titin da manyan motoci suka farfasa, ta wuce dogayen gine-ginen kwano masu hayaƙi, wannan na warin gyaɗa, wancan na warin fata. Ba ta tambayi kowa ba. Hancinta ne ya kai ta, don tun daga nesa sanyi-sanyin nan ya tare ta.

A bayan kamfanin alewar, wajen shingen waya, akwai wani dogon rami da ruwa ke kwanciya. Ta ji ƙugin kafin ta gan shi. Bakin ramin ya yi baƙi ƙirin da ƙudan zuma, suna hawa kan juna, suna tsotsar wani jan ruwa mai yauƙi da ya malale har gindin wayar. Ba su kaɗai ba ne. Manyan ƙudaje kore suna cikinsu kafaɗa da kafaɗa. Kwatar makewayin ma'aikata a nan take ƙarewa. Can gefe ga mushen ɓera ya kumbura, rabinsa a cikin jan ruwan, su kuma suna sha a kusa da shi ba ruwansu.

Wata ƙaramar ƙofa ta buɗe, wani dattijo ya fito da bokiti biyu, ya naɗe fuskarsa da tsumma. Ya sheƙa su a ramin, ƙudan zuman suka tashi sama suka sake sauka.

"Sannu, Iya. Matsa baya kada su far miki."

"Bawan Allah, mene ne wannan kake zubarwa?"

"Wankin tukwane ne, da alewar da ta lalace. Kullum haka muke fama. Ni kam na gaji da harbi, ƙarshen wata zan koma garinmu. Wani kike nema?"

Ladidi ta matsa jikin shingen. Tana kallon ramin tana lissafin safe da rana da yamma, da tsakankaninsu. Da hannunta ta yi, da bisimilla, da gashin kaza mai laushi don kada ya ji zafi. Ba ɗan kasuwar da ya cuce ta. Dokarta ta bi, ba ta kauce ko kaɗan ba, kuma dokar ce ta kai ta ga shafa wa ɗanta abin da ya ƙone shi, bayan ya biyo ta kwata. Ta kai hannu ta dafa wayar.

Yadda ta dawo Hotoro ba za ta iya faɗa ba. Ta dai san ta biya gidan Muntari ta same shi yana karyawa, ta ce masa, "Taso ka ɗauko keken yaron nan." Ya dubi fuskarta, bai yi mata wasan da suka saba ba, ya ajiye ludayi. A tsakar gida ta ɗauki ƙwaryar jar zumar ta kife ta a bayan rumbu, ta tura ƙasa da ƙafa ta rufe. Rahamatu na tsaye tana kallo.

"Ɗauko mayafinki," in ji Ladidi. Ta ɗan tsaya, sannan ta ƙara, ba tare da ta dube ta ba, "Da na ji maganarki jiya."

Suka ɗora Alhassan a kan keken, Muntari na turawa, matan biyu na tallafe da shi ta kowane gefe, har bakin babban titi. Wata motar itace ta tausaya ta tsaya. Duk tsawon hanyar kansa na kan kafaɗar matarsa, hannun kuma na kan cinyar uwarsa, ta rufe shi da gefen mayafi saboda ƙura.

A asibiti ma'aikata biyu suka karɓe shi, Muntari ya bi su yana riƙe da ƙafafunsa. Aka tsayar da matan a gaban wani tebur, inda wani matashi mai farar riga ke yanka wa marasa lafiya kati. Layi ya yi tsawo a bayansu.

"Sunan mara lafiya?"

Rahamatu ta sunkuyar da kai. Mijinta ne, ba ta faɗin sunansa, balle a gaban uwarsa. Ta saci kallon Ladidi. Ladidi ta kalli ƙofar da aka shige da shi, ko Muntari zai ɓullo. Bai ɓullo ba.

"Iya, da ku nake. Likita ba zai taɓa shi ba sai da kati. Wane ne sunansa?"

"Ɗan marigayi mai zuma ne, na Hotoro," in ji Ladidi.

"Ban tambayi ubansa ba tukuna. Shi, sunansa."

Wata mata a baya ta yi tsaki. Daga can ciki aka ji nishin nan, wannan karon bai iya ɓoye shi ba. Sunan na nan, kullum yana nan, tun ranar da aka raɗa shi ta ji daga cikin ɗaki ta yi kamar ba ta ji ba. Ta sha faɗinsa a zuci, a sujada, inda ba mai ji. Harshenta ne bai san hanyarsa ba.

"Alhassan," ta ce.

"Ɗaga murya, Iya."

"Alhassan. Sunansa Alhassan. Ɗana ne."

Matashin ya rubuta, ya miƙa katin ta taga, ya ce na baya ya matso. Rahamatu ta ja mayafi ta rufe fuska tana kuka. Ladidi ba ta yi kuka ba, ta samu gefen baranda ta zauna a ƙasa, ta zuba wa ƙofar ido.

Sai bayan azahar Muntari ya fito. Ya tsuguna a gabanta, ya daɗe yana gyara hula.

"Hannun ya tsira, Yaya Ladidi. Sun ce da an ƙara kwana da sai dai a yanke daga gwiwar hannu." Ya sauke murya. "Amma yatsu biyun nan, ƙaramin da na kusa da shi, ba yadda za a yi."

Ta gyaɗa kai. Wuƙar da ta guje wa ce, kuma ita ta kawo shi gare ta da ƙafarta. Ta jira wani ya ce laifinta ne, ko Muntari, ko yarinyar, ko shi kansa da aka bar su suka shiga. Ba wanda ya ce. Da ya farfaɗo ya gan ta, cewa ya yi, "Inna, kun ci abinci kuwa?" Wannan ya fi mata zagi ciwo.

Damina ta faɗi kafin ya koma Bompai. Hannun ya warke, fatar ta yi tabo mai sheƙi, yatsu ukun suna lanƙwasuwa amma ba sa damƙa da ƙarfi. A tsawon lokacin Ladidi ba ta ba kowa magani ba. Masu tari da masu jego suka yi ta zuwa tana cewa babu. Sunan ma ba ta sake faɗa ba, ta koma "kai" da "yaron nan" kamar ba a yi komai ba. Muntari ya ce a sauke amyoyin a kai su ƙauyen Challawa wajen 'yan'uwa, inda babu kamfani ko ɗaya. Ta ce a bari tukuna, mijinta ne ya ɗaura su.

Ranar da Alhassan ya je jin matsayinsa, da yamma ya dawo ya jingine keken, ya zo ya tsuguna ya gaishe ta. Tana tsince wake a faifai.

"Sun karɓe ni, Inna. Sun ce ba za su kore ni ba tunda a bakin aiki na samu rauni."

"Alhamdu lillahi."

"Sai dai ba zan koma kan tukunya ba, hannun ba zai iya juyi ba. Sun ba ni mai sauƙi." Ya dubi ƙasa. "Wani dattijo ne ya bar aiki. Wankin tukwane yake fitarwa bayan shinge."

Hannunta ya tsaya a cikin waken. Rahamatu, da ke bakin ɗaki da tsintsiya, ita ma ta tsaya. Ba wanda ya ce ya ƙi aikin, don hatsin rumbu ya yi ƙasa, kuma Rahamatu ba ita kaɗai ba ce yanzu, tana da juna biyu.

Ladidi ta ajiye faifan ta shiga ɗakinta. Aka ji tana jan kaya a ƙarƙashin gado. Ta fito da wata 'yar fartanya mai gajeriyar ƙota, ta marigayi, wadda ƙotar ta yi santsi don riƙo.

"Kai, ungo. Duk abin da ka zuba, ka ja ƙasa ka rufe shi. Kada ka bar ko ɗigo a fili."

"Inna, bokitin da yawa. Kuma ramin ba ƙarami ba ne."

"Na gan shi."

Ya karɓa da hagu. Ta girgiza kai, ta kamo hannun daman, ta ɗora ƙotar a tafinsa, ta bi yatsu ukun ɗaya bayan ɗaya tana naɗe su a kai. Ta gama, amma ba ta saki ba. Babban yatsanta yana kan wurin da biyun suke a da. Shi ma bai janye ba.

"Za ta riƙu," ta ce, sannan ta koma kan wakenta.

Da safe ya ɗaure fartanyar a bayan keke ya fita tun kafin jiniya. Ladidi ta yafa mayafi ta tafi gindin babbar ɗorawa, ta tsaya ta ɗaga kai tana jira. Daga nan tana hango shi ya yi nisa a kan hanya, ƙotar na leƙowa ta bayansa. Rana ta ɓullo. Ƙudan zuman suka fara fitowa daga bakin amyar, suka yi kwana, suka bi bayansa.